Ba a fafe gora ranar tafiya: Makonni huɗun farko ne ke kayar da ɗalibanmu

Duk wanda ya taɓa shiga harabar jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a Arewa a makon da aka ce an koma makaranta, ya san yadda wurin yake kasancewa. Azuzuwa wayam, laburare babu kowa sai ma'aikata, masu sayar da abinci suna gyangyaɗi a rumfunansu. Idan ka kira ɗalibi a waya ka tambaye shi me ya zaunar da shi a gida, amsar ɗaya ce: "Ai ba a fara komai ba." Ka koma wannan harabar mako biyu kafin jarrabawa, sai ka rantse ba ita ba ce. Da ƙarfe biyun dare ma ba za ka samu kujerar zama a aji ba. Wani ya tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, wata tana haska handawut da fitilar waya, ga goro da kofi da lemon ƙarin kuzari a kan kowane tebur. Wannan shi ne abin da ɗalibai suka raɗa wa suna TDB, wato karatu har gari ya waye.

A wannan sharhi muna so mu jawo hankali ne kan cewa waɗannan abubuwa biyu ciwo ɗaya ne. Zaman gida na watan farko shi yake haifar da kwanan aji na watan ƙarshe, kuma sakamakon da ake liƙawa a allon sanarwa, wanda ke sa wasu kuka, an gama rubuta mafi yawansa tun a makonni huɗun farko. Laifin bai tsaya kan ɗalibai kaɗai ba, akwai rabon makarantu da iyaye da gwamnati. Amma ɗalibi ne sunansa ke kan takardar sakamako, don haka da shi za mu fara.

Lissafin da ba a gaya wa sababbin ɗalibai

A tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, zangon karatu ɗaya makonni 15 ne na koyarwa kafin a shiga jarrabawa. Haka ma tsarin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke sa ido kan kwalejojin kimiyya da fasaha. Yunit ɗaya na kwas yana nufin awa ɗaya ta lakca a mako, ke nan kwas mai yunit uku awa 45 ne a zango. Galibin makarantu suna da dokar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Wanda ya tsallake makonni huɗu cikin 15 ya riga ya faɗo ƙasa da wannan ma'auni, ko da bai sake fashin rana ɗaya ba har ƙarshen zango. Abin da ke ceton mutane da yawa shi ne ba kowane malami ne ke aiki da dokar ba.

Sai maganar maki. Kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na makin kowane kwas daga tes da aikin gida da halartar aji yake fitowa, sauran kuma daga jarrabawa. Wanda ya rasa tes ɗin farko ya shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa.

Babban abin da ba a bayyana wa ɗan aji ɗaya shi ne yadda CGPA take aiki. Ita ba ta mantuwa, makin zangon farko yana bin mutum har ranar da zai karɓi shaidarsa. A galibin jami'o'inmu da ke aiki da ma'aunin maki biyar, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba kuma daga 3.50. Mu ɗauki ɗalibin da zai yi shekara huɗu, kuma yunit ɗin kowace shekara daidai yake da na 'yar'uwarta. Idan ya gama shekarar farko da 2.00, sai ya riƙa samun 4.00 a kowane zango na shekaru ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, ko da zai ci A a kowane kwas daga nan har ya gama.

A kwalejin kimiyya da fasaha abin ya fi tsauri domin zango huɗu ne kacal a ƙaramar difloma, kuma ma'aunin maki huɗu ne. Wanda ya fara da 2.00 a zangon farko, ba zai taɓa 3.50 ba sai ya ci A a dukkan kwasa-kwasan zanguna ukun da suka rage. Kuma yawancin makarantu ba sa ɗaukar mutum babbar difloma kai tsaye idan bai kai 2.50 ba. Wannan lissafi ne da ya kamata a rubuta wa kowane sabon ɗalibi a allo ranar da ake rantsar da shi.

Ni ma sai da na ɗanɗana kafin na gane. A zango na biyu na ƙaramar difloma, na zauna a gida makonni uku ina taya yayana tsaron shago, domin wani abokina ya tabbatar mini a waya cewa malamai ba su fara shiga aji ba. Gaskiya ya faɗa game da kwas shida, amma malamin na bakwai ya fara tun ranar Litinin ta farko, ya ba da aikin gida a mako na biyu, ya yi tes a na uku. Na iso na tarar maki 20 sun wuce ni. Na faɗi kwas ɗin da maki huɗu, na ɗauke shi zuwa shekara ta gaba, inda lokacinsa ya ci karo da na wani kwas na ajinmu. Zango guda na yi ina gudu tsakanin azuzuwa biyu. Malamin nan bai zalunce ni ba, aikinsa ya yi a lokacin da aka ce ya yi.

Me ya sa karatun dare ɗaya ba ya zama

Masu kare TDB suna da hujjarsu. Za su ce maka sun yi, kuma sun ci. Haka ne, ana iya cusa wa ƙwaƙwalwa abu da dare a amayar da shi da safe a samu C. Matsalar ita ce bayan mako biyu babu abin da ya rage. Kwasa-kwasan kuma a jere suke kamar tubalin gini: lissafin aji biyu a kan na aji ɗaya yake zaune, haka akanta, haka ilimin jikin ɗan Adam ga masu karatun lafiya. Wanda ya ci na farko da karatun dare ɗaya zai shiga na biyu kamar bai taɓa jin labarinsa ba.

Masana sun daɗe da auna wannan. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana duba nawa suka rage bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan wata. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a awannin farko da ranar farko, sannan duk lokacin da aka koma aka yi bita, saurin mantuwar yana raguwa.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani ɗan gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi zama huɗu yana maimaita karanta shi. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai labari ya juya: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rufe takarda su tuno da ka sun tuna kashi 61. Abin lura shi ne masu maimaita karatun sun fi kowa amincewa cewa za su tuna. Ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ɗauka an iya.

A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka bi diddigin hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne kawai suka samu shaidar suna da amfani sosai: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki maimakon tara shi lokaci ɗaya. Ja wa layi da alƙalami mai launi da maimaita karanta shafi, waɗanda su ne abincin yau da kullum na ɗalibanmu, suna cikin waɗanda aka samu amfaninsu kaɗan ne.

Abin da makarantar allo ta riga ta koya mana

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame masa sabon labari ba. Almajiri ba ya ɗaukar izu guda a dare ɗaya. Malam yana rubuta masa 'yan layuka a allo gwargwadon ƙarfinsa, ya biya masa, ya je ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya kawo hadda ba tare da kallon allon ba. Sai malam ya gamsu sannan a wanke a rubuta na gaba. Kuma na baya ba a barinsa, kullum akwai tilawa, ana komawa kan abin da aka wuce makonni da watanni da suka gabata. Gardin da ya kai matakin satu yana rubuta Alƙur'ani da ka a kan allo, a duba masa inda ya kuskure. Kaɗan-kaɗan kullum, rufe allo ka kawo, koma baya ka yi bita, nemi mai gyara maka. Su ne dai abubuwan da binciken Amurka ya tabbatar.

Abin mamaki shi ne ɗalibin da ya haddace izu goma ko ashirin ta wannan hanya, idan ya shiga jami'a sai ya ajiye ta a ƙofar shiga, ya ɗauka karatun boko wani abu ne daban da ake yi da kofi da tsakar dare. Gaskiya ne akwai bambanci: injiniya da lauya ba hadda kaɗai suke buƙata ba, sai sun fahimta sun iya aiki da abin da suka karanta. Amma ita ma fahimta da bita take zama, kuma babu gwajin fahimta da ya wuce mutum ya rufe littafi ya yi bayani da bakinsa.

Yadda ya kamata watan farko ya kasance

Abu na farko shi ne komawa a kan lokaci, ko da za ka je ka tarar da aji babu malami. Makon farko shi ne na gama rajista, da zuwa wurin jami'in da ke kula da ajinku ya duba kwasa-kwasan da ka cike. Ɗalibai da dama sun yi ƙarin shekara a makaranta ba don sun faɗi komai ba, sai don sun manta da yin rajistar kwas ɗin dole guda ɗaya, ko sun rubuta jarrabawar kwas ɗin da ba ya cikin fom ɗinsu. Mai ɗauke da kwas ɗin da ya faɗi a baya ya fara sa shi a fom kafin sababbi, kuma ya duba jadawali tun yanzu ko akwai cin karo.

Na biyu, a nemi jerin batutuwan da kowane kwas zai taɓo, daga malami ko daga waɗanda suka wuce ajin. A haɗa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara uku ko huɗu. Yawancin ɗalibai sai ana saura kwana uku suke neman tsofaffin tambayoyi, alhali amfaninsu a mako na biyu ya fi yawa, domin su ne ke nuna maka irin zurfin da malami ke so da wuraren da yake yawan komawa. Idan malamin bai fara zuwa ba, ga batutuwa a hannunka, ga laburare babu cunkoso. Littafin da za a yi rububinsa a mako na 13 yana nan a kan kanta ba mai taɓa shi.

Na uku shi ne bitar rana. Duk lakcar da aka yi yau, a ba ta minti 20 kafin a kwanta. Ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Abin da ya zube shi ne karatunka na gobe. Idan lissafi ne ko akanta, ka rufe misalin da malam ya yi ka sake warware shi da kanka. Ranar Asabar ko Lahadi a ware awa biyu a bi ta kan na mako gaba ɗaya, a taɓo na makon jiya da na shekaran jiya. Wannan hanya tana da ɗaci, domin tana nuna wa mutum abin da bai iya ba, shi ya sa ake gudunta a koma maimaita karanta handawut, wanda ke sanyaya zuciya.

Na huɗu, lokaci. Jadawalin karatu mai kyan zane da ake liƙawa a bango yawanci ba ya wuce mako ɗaya. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a ɗaura karatu a jikin abin da ba ya motsi. Musulmi yana da lokutan salla biyar da suka riga suka yanka masa yini. Awa ɗaya bayan Asuba, lokacin da ɗakin kwana ya yi tsit kuma zafi bai taso ba, ta fi awa uku na tsakar dare. Ga kuma giɓin da ke tsakanin lakca da lakca, wanda ake ƙararwa a gindin bishiya ana hira. Wanda ya tsare awa biyu kullum tun daga makon farko zai shiga jarrabawa da sama da awa 200 na karatu. Babu adadin kwanan aji da zai biya wannan a mako biyu.

Na biyar, abokan karatu. Mutum uku ko huɗu sun isa, da sharaɗin kowa ya karanto kafin a haɗu, a zo a yi wa juna tambayoyi. Idan taron ya zama mutum ɗaya ne ke bayani sauran suna gyaɗa kai, to shi kaɗai ne ke karatu. Haka tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa, yana da amfani ga wanda ya riga ya gwada da kansa ya san inda ya maƙale.

Sai waya. Yanzu a WhatsApp ake raba handawut da sanarwar aji, don haka ba wanda zai ce a jefar da ita. Amma tara takardu 50 a waya ba karatu ba ne, kuma wanda ke karatu a kan allon da saƙonni ke faɗowa kowane minti biyu ya san inda yake ƙarewa. A kashe data lokacin karatu, ko a buga shafukan da ake buƙata idan da hali. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya yi wa ɗalibi bayanin abin da ya shige masa duhu, suna iya shirya masa tambayoyin gwaji. Wanda ya sa su rubuta masa aikin gida kuwa ya samu maki biyar ya rasa darasin, kuma ranar jarrabawa a ƙofa ake ajiye waya.

Kada a raina barci. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Ɗalibin da ya kwana biyu bai runtsa ba yana shiga ɗakin jarrabawa ya ga tambayar da ya sani, amsar ta ƙi fitowa. Mafi muni shi ne masu haɗawa da ƙwayoyi don su hana ido rufuwa. Da yawa daga nan suka fara, jarrabawa ta wuce, shaye-shayen ya zauna.

Uzurin da ke da gaskiya a cikinsa

Zalunci ne a faɗi duk wannan a yi shiru kan abin da ke zaunar da ɗalibai a gida. Wasu lalaci ne, amma da yawa babu ce. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma a wannan shekarar ce jami'o'in tarayya da dama, ciki har da Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Maiduguri, suka ƙara kuɗin rajista. Uban da ke da 'ya'ya uku a manyan makarantu yana lissafin cewa duk makon da yaro ya ƙara a gida, an rage kuɗin abincin mako guda. Akwai ɗalibin da sai ya ja Keke Napep ko ya zauna a teburin POS kafin ya haɗa kuɗin rajista. Akwai matar aure mai goyo da sai ta gama girki da shirya yara kafin ta kama hanyar makaranta.

Su waɗannan ne ma suka fi buƙatar karatun kaɗan-kaɗan, domin ba su da mako biyun da za su rufe kansu a aji dare da rana. Mai aiki ya nemi abokin da zai riƙa turo masa abin da aka yi a ranar, ya duba a daren, kada ya bari ya taru. Idan dole ce ta sa za ka makara, ka sanar da wakilin aji da jami'in ajinku tun kafin a yi tes. Malamai da yawa suna sauraron uzurin da aka kawo da wuri, ba sa sauraron wanda aka kawo bayan an liƙa sakamako.

Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sanya wa dokarsa hannu a Afrilun 2024 aka buɗe shafinsa a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, kowa ya yi shawara da iyayensa kafin ya ci. Amma wanda ya yanke shawarar nema ya nema da wuri. Ita ma hukumar ya kamata ta daidaita lokacin sakin kuɗi da kalandar makarantu, domin kuɗin da ya iso a mako na takwas bai hana ɗalibi rasa tes ɗin farko ba.

Rabon makarantu da iyaye

Ɗalibai ba su ƙirƙiro "ba a fara komai ba" daga iska ba, gani suka yi. Sun zo a makon farko sun tarar ba a fitar da jadawali ba, shafin rajista na intanet yana ta faɗuwa, ba a raba ɗakunan kwana ba, malami bai leƙo ba sai mako na huɗu. Daga baya shi wannan malamin zai kira lakcar awa huɗu ranar Asabar da Lahadi don ya cinye manhaja. Wannan ma TDB ce, ta malamai. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 sun ƙara dagula lamarin, domin jami'o'i sun riƙa matse zanguna don su cike giɓi, ɗalibai kuma suka koyi cewa kalandar makaranta ba abar dogaro ba ce.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. A fitar da jadawali mako guda kafin a dawo. A kammala rabon ɗakuna kafin ranar komawa. Kowane malami ya ba da jerin batutuwa da ranakun tes a lakcarsa ta farko, shugabannin sassa kuma su riƙa zagayawa suna ganin wanda ya shiga aji a makon farko, kamar yadda ake zagayawa lokacin jarrabawa. A riƙa yin ƙananan tes tun daga mako na uku, a kuma mayar wa ɗalibai takardunsu su ga kurakuransu. Tes ɗin da ba a ga sakamakonsa ba sai bayan jarrabawa bai koya wa kowa komai ba. A bar laburare da wasu azuzuwa da wuta da dare tun farkon zango, ko da ta sola ce, maimakon a tayar da janareta sai lokacin jarrabawa. Bikin karɓar sababbin ɗalibai kuma a rage jawabai, a zaunar da su a koya musu lissafin CGPA da yadda ake bita.

Iyaye su ma su daina riƙe yaro saboda biki ko aike ko tsaron shago da hujjar "ai yanzu aka koma". Idan kuɗin bai cika ba, gara a ba shi na mota da ɗan abin da zai ci ya tafi, a bi shi da sauran. Kuma tambayar "yaya karatu?" ba ta isa ba, domin amsarta kullum "Alhamdu lillahi" ce. A tambayi kwas nawa ya yi wa rajista, yaushe ne tes ɗin farko, me ya samu a zangon da ya wuce, a ce ya nuna takardar. Uban da bai yi boko ba ma yana iya sa wani ya duba masa.

Ga ɗalibin da ke karanta wannan a gida alhali an koma makaranta tun makon jiya, ka kira wakilin ajinku yau ka tambaye shi kwas ɗaya bayan ɗaya wane malami ne ya fara shiga, kada ka tsaya ga "ba a fara komai ba". Ga wanda ya riga ya koma, lakcar da aka yi yau tana jiran minti 20 ɗinta kafin ka kwanta. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a gama lafiya.